Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Jakar Asibiti

A yawancin asibitocin gwamnati na Arewacin Najeriya, idan cikin mace ya kai wata bakwai ko takwas, ma'aikaciyar jinya a ɗakin awo kan miƙa mata wata 'yar takarda, ko ta nuna mata wadda aka manna a bango. Takardar kayan haihuwa ke nan. Jerin yakan bambanta daga wannan asibiti zuwa wancan, amma jigonsa ɗaya ne: safar hannu, auduga, audugar mata, sabuwar reza, matsen cibiya, sirinji, ledar shimfiɗa da ake kira makintosh, sabulu, kwalbar Dettol ko Jik, man zaitun, tsofaffin zannuwa da kayan jariri. A wasu wuraren akan ƙara da tocila. Mai ciki za ta haɗa su a jakar bakko ta ajiye a bayan ƙofa, don ranar da naƙuda za ta tashi ba ta sallama.

Wanda ciwo ya kayar farat ɗaya shi ma yana da irin tasa jakar, sai dai ba a rubuce take ba. 'Yan'uwansa ne ke harhaɗa ta a gurguje: tabarma, buta, bokiti, filas, kula, bargo, cajar waya, da kuɗi gwargwadon abin da aka samu a gidan a wannan daren.

Idan aka dubi takardar da kyau za a ga jeri biyu ne aka cakuɗa. Na farko kayan da kowane majinyaci a duniya ke tafiya da su ne, wato sutura, sabulu da abin goge baki. Na biyu kuwa kayan aikin asibitin ne kansa, irin su safar da ungozoma za ta sa da allurar da za ta yi. Jeri na farko ya girmi asibiti a ƙasar Hausa. Na biyu bai wuce shekara arba'in da 'yan kai da zama ruwan dare ba, kuma ana iya bin sawunsa a ga lokacin da ya shigo da abin da ya kawo shi.

Kafin a san asibiti

Tanadin haihuwa tsohon abu ne. A al'adar Hausawa, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, abin da ake kira goyon ciki, domin ta haihu a gaban mahaifiyarta. Tun kafin ranar, miji ya san abin da ke kansa: itacen wankan jego, kayan yaji, gero da kanwa na kunu, daga baya kuma kauri da ragon suna. Dangin mace su tanadi babbar tukunyar dafa ruwa da tsummokara. Ungozoma kuwa aikinta ya fi ƙarfi bayan an haihu: yanke cibiya, binne mabiyiya, wanke jariri da gasa masa cibi. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya adana bayanin irin waɗannan al'adu kamar yadda ake yin su a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Abin lura a wannan tsari shi ne, an raba nauyin, kowa ya san rabonsa, kuma duk abin da ake bukata yana cikin gida ko kasuwar ƙauye. Rauninsa kuma a fili yake. An tanadi komai domin haihuwar da ta zo da sauƙi, ba a da abin yi idan ta zo da gardama. Doguwar naƙuda, jijjiga da ɓallewar jini sun fi ƙarfin rubutu da jiƙo. Aska ko tsinken da ba a dafa ba kan sa wa jariri ciwon tetanus ta cibiya, ya rasu kafin suna ko jim kaɗan bayansa.

Asibitin En'e da na mishan

Turawan mulkin mallaka sun fara gina asibitoci ne domin jami'ansu da sojojinsu. Sai a hankali aka buɗe wa talakawa ƙofa, ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce En'e, wadda ta riƙa gina asibitoci da ɗakunan shan magani da kuɗin haraji daga baitulmali. Asibitin birnin Kano, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Murtala Muhammad, an kafa shi ne a shekarun 1920. Ta biyu ita ce ƙungiyoyin mishan: asibitin Vom a ƙasar Filato ya fara aiki a 1922, na Wusasa kusa da Zariya ya biyo baya, sannan a 1950 aka buɗe na Galmi a ƙasar Nijar, wanda har yau Hausawan ɓangarori biyu na iyaka ke zuwa.

A wancan zamani damuwar likitoci ita ce yadda za a shawo kan mutane su zo. Jama'a na ɗaukar asibiti wurin da ake kai wanda aka fid da rai da shi, kuma barin mace ta kwanta a hannun baƙi, balle maza, abu ne mai nauyi. Saboda haka asibitoci da yawa a Afirka suka bar majinyaci ya zo da nasa. Sanannen misali shi ne asibitin da Albert Schweitzer ya kafa a Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913, inda dangi ke zama tare da mara lafiya suna dafa masa abinci. Ƙarancin ma'aikata ya ƙarfafa wannan sassauci, domin ma'aikaciyar jinya ɗaya ba za ta iya yi wa mutum talatin wanka ta ciyar da su ba. Daga nan ne mai jinya ya samu gurbinsa a asibitin Afirka, shi da tabarmarsa da butarsa da murhunsa. Dubiya kuma, wadda addini da al'ada suka ƙarfafa, ta mai da harabar asibiti tamkar tsakar gida.

A Birtaniya kuwa, wadda aka kwaikwayi tsarin asibitinta, hanya ta bi wani wajen. Tun gyaran da Florence Nightingale ta jagoranta a ƙarni na 19, wanka da ciyarwa da gyaran gado suka zama aikin ma'aikatan jinya. Ranar 5 ga Yulin 1948 aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ta sa magani ya zama kyauta a lokacin da ake bukatarsa, ana biya daga haraji. Shi ya sa jakar asibitin Baturiya har yau ba ta wuce rigar barci, silifas da kayan jariri.

Shekarun yalwa

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatoci sun ɗauki asibiti a matsayin alamar ci gaba. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, ya yi suna har a wajen Afirka. A ƙarshen shekarun 1960 Jami'ar Ahmadu Bello ta samu nata. Da kuɗin man fetur suka kwararo bayan 1973, sababbin jihohi suka shiga gina manyan asibitoci, kuma a wurare da dama majinyaci kan karɓi magani kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. A 1978 ƙasashen duniya suka hallara a Alma-Ata suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A zaɓen 1979, jam'iyyar UPN ta Obafemi Awolowo ta sa kiwon lafiya kyauta cikin manyan alkawuranta.

Sai dai wannan yalwa ba ta kai ko'ina ba. Asibitocin na birane ne, mafi yawan jama'a kuwa suna karkara. Babbar shaida a kan haka ta fito ne daga Zariya, inda Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bibiyi haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da suka yi awo kuma cikinsu ya tafi lafiya ba kasafai suke mutuwa ba, yayin da waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka garzayo da su, ke mutuwa ninki-ba-ninki. Ke nan ko a lokacin da sito ke cike da magani, jinkiri na kisa. Wannan aiki na cikin hujjojin da aka dogara da su wajen ƙaddamar da yunƙurin kare rayukan mata masu haihuwa a taron Nairobi na 1987.

Yadda safar hannu ta koma kan majinyaci

Farashin mai ya fara faɗuwa a 1981. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. Da yake mafi yawan magunguna da kayan aikin asibiti daga waje ake sayo su, sito ya fara bushewa. A sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamban 1983, Birgediya Sani Abacha ya lissafa halin asibitoci cikin dalilan sojoji, yana cewa sun zama wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki. Sojojin ma ba su warware matsalar ba. A 1985 likitoci suka tafi yajin aiki, rashin kayan aiki na cikin koke-kokensu, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta haramta ƙungiyarsu ta kuma tsare wasu shugabanninta.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Naira, wadda a 1985 ta ɗan fi dalar Amurka daraja, ta faɗi zuwa kusan huɗu a kan dala ɗaya a 1987. Kasafin asibiti da a da ke sayen katan huɗu na safar hannu ya koma sayen ɗaya. A takardar magani aka saba ganin haruffan O/S, ma'ana babu a sito, shagunan kemis kuma suka yi ta tsirowa a bakin ƙofar kowane asibiti.

Abubuwa biyu suka faru a 1987 da suka mai da wannan hali na wucin gadi ya zama tsari. Na farko, Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan yadda ƙasashe masu tasowa za su ɗauki nauyin kiwon lafiya, inda ya ba da shawarar a riƙa cajin majinyata. Na biyu, a watan Satumba ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da wani shiri da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka mara wa baya: a sayar wa majinyata muhimman magunguna da sauƙin farashi, a juya kuɗin a sake sayo wasu, al'umma kuma ta sa ido a kan asusun. Hujjar masu shirin tana da ƙarfi, domin magani mai arha da ake samu ya fi na kyauta da babu shi. Najeriya, a ƙarƙashin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ta karɓi tsarin. A inda aka riƙe amana asusun ya yi aiki. A wurare da yawa kuwa hauhawar farashi da karkatar da kuɗi suka cinye jarin, aka wayi gari majinyaci na biyan kuɗin kati sannan a tura shi waje ya sayo magani. Asusun PTF da aka kafa a 1994 ya sake zuba magunguna a asibitoci, amma da aka rushe shi a 1999 abin ya koma gidan jiya.

Akwai wani dalilin da ba na kuɗi ba. A 1986 aka ba da rahoton farko na cutar ƙanjamau a Najeriya. Kafin lokacin, sirinjin gilashi ake dafawa a sake amfani da shi, safar hannu ma akan wanke ta a turara a mayar. Tsoron ƙanjamau da ciwon hanta ya wajabta komawa ga kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar. Wannan gyara ne da ya ceci rayuka, sai dai ya ninka abin da kowace haihuwa da kowace tiyata ke ci, a daidai lokacin da asibiti ya fi kowane lokaci talauci. Ungozomar da aka umarta kada ta taɓa jini da hannu, aka kuma hana ta safa, hanya ɗaya ta rage mata: ta rubuta wa mai ciki ta zo da ita. Jeri na biyu na takardar kayan haihuwa daga nan ya samo asali.

Maƙwabta ma haka suka sha. Ghana ta ƙara kuɗin asibiti a 1985, daga baya ta koma tsarin biya kafin a taɓa ka. A Nijar, karyar da darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta tsauwala farashin maganin da ake shigowa da shi, ƙasar kuma ta shimfiɗa tsarin karɓar kuɗi daga majinyata a shekarun da suka biyo baya.

Kwalin da ya bi ɗaya hanyar

A wata ƙasar kuma, kaya daga hukuma suke fitowa su je gida. A 1938 Finland, wadda a lokacin matalauciya ce kuma jarirai kusan 65 cikin kowane 1,000 ke mutuwa kafin su cika shekara, ta fara bai wa mata marasa galihu ƙunshin kayan jariri. A 1949 aka buɗe shi ga kowace mai ciki, bisa sharaɗi guda: ta je awo kafin cikinta ya wuce wata huɗu. Kwalin kansa, da 'yar katifa a ciki, ya zama gadon farko na jarirai da yawa. Kwali ba ya warkar da cuta, kuma raguwar mutuwar jarirai a ƙasar ta samu ne tare da yaɗuwar ɗakunan awo da bunƙasar arziki. Amma ya jawo mata zuwa gaban ma'aikatan lafiya da wuri, wato daidai abin da binciken Zariya ya nuna yana raba mai rai da mamaciya. Scotland ta kwaikwayi tsarin a 2017.

Takardar kayan haihuwa kuwa sau da yawa korar mata take yi. Matar da ba ta iya haɗa kayan ba takan ji kunyar zuwa hannu rabbana, ko tsoron a yi mata faɗa a gaban jama'a, sai ta zauna a gida ta ce Allah ya kawo da sauƙi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Dalilan suna da yawa, daga nisa da kunya zuwa jiran izinin miji, amma kuɗi na cikin waɗanda mata ke yawan ambata.

Alkawari da doka

Tun komawa mulkin farar hula ake ƙoƙarin mayar da nauyin inda ya fito. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Kasafin tarayyar Najeriya ya fi yawan tsayawa tsakanin kashi 4 da 6. Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, amma ya daɗe bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya ba, sai a 2022 sabuwar doka ta wajabta inshorar a kan kowa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, sashe na 20 nata kuma ya haramta ƙin karɓar wanda ke bukatar agajin gaggawa ko da wane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi.

Jihohi da dama, ciki har da Kano da Jigawa, sun yi shelar haihuwa kyauta a lokuta daban-daban. Nijar ta soke kuɗin tiyatar haihuwa da na kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a tsakiyar shekarun 2000, Ghana kuma ta sa haihuwa kyauta cikin inshorarta a 2008. Darasin da aka koya daga Nijar ya shafi kowa: gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, sito ya bushe, majinyaci ya sake komawa kemis. Shela ba ta sauke nauyi sai kayan sun iso ɗakin haihuwa. Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye.

Abin da agogo ke ci

Muhimmancin jakar yana bayyana ne idan aka auna ta da lokaci. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Jakar da ba a haɗa ba tana da hannu a na farko da na uku. A gida ana ta neman aron kuɗi da zani, a asibiti kuma miji na zagayen unguwa da ƙarfe biyun dare yana neman kemis da ke buɗe.

Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Wani babban gwaji da aka buga a 2017, wanda asibitocin Najeriya suka ba da kaso mai yawa na matan da ke cikinsa, ya nuna maganin tranexamic acid na rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa uku, bayan haka amfaninsa ya gushe. Wani gwajin na 2023 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, tare da ba da magunguna gaba ɗaya nan take, ya rage munanan sakamako da kashi 60 cikin 100. Duk waɗannan kaya ne masu arha, amma sai suna kan teburin ungozoma kafin a bukace su. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya sakamakon ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Jini kansa yana cikin abubuwan da aka bar wa dangi. Duk da kafa hukumar jini ta ƙasa da dokar 2021, mafi yawan jinin da ake ƙarawa a asibitoci daga 'yan'uwa ko masu sayarwa yake fitowa. Mota ma haka, shi ya sa a wasu jihohin Arewa aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda daga ƙauyuka cikin gaggawa.

Abin da ya kamata jakar yau ta ƙunsa

Wannan tarihi yana nuna abin da ya fi nauyi a cikin jakar, kuma yawancinsa ba ya cin wuri. Na farko takardu ne: katin asibiti ko na awo, katin inshora, sakamakon gwaje-gwaje da hoton ciki, rukunin jini da nau'in ƙwayar jini, sunayen magungunan da mutum ke sha da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. Wanda ya suma ba ya ba da tarihin ciwonsa, wanda ya kawo shi kuma sau da yawa maƙwabci ne. Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya fi kowa bukatar wannan takarda, da kuma maganin kwana uku a cikin kwalinsa na asali.

Na biyu kuɗi ne, tsaba da na kati. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa iyalai da yawa cewa kuɗi a banki ba kuɗi a hannu ba ne, kamar yadda katsewar sabis ke hana tura kuɗi a daidai lokacin da ake jira. Na uku mutane ne: lambar direban da zai tashi da dare, sunayen mutum biyu ko uku da suka yarda su ba da jini, wanda zai yi jinya da wanda zai riƙe yara. A gidan da mace ba ta fita sai da izini, a ba da izinin tun da wuri, kowa ya ji, don kada tafiyar maigida ta zama sanadin jira. Bayan waɗannan sai kayan da asibitin ya rubuta, sannan sutura, buta, tocila, caja da sauran kayan zama. Mai ciki ta kammala haɗa tata kafin wata na tara ya kama, domin ba kowane jariri ke jiran lissafi ba.

Ga ma'aikacin da ke da albashi, haɗa wannan jaka aikin yammaci ɗaya ne. Ga manomin da amfanin gonarsa bai iso ba, takardar kan zama dalilin sayar da akuya ko haƙura da asibitin gaba ɗaya. Shi ya sa a wasu unguwanni ƙungiyoyin mata da kwamitocin masallatai ke haɗa kayan haihuwa su ajiye domin wadda ba ta da hali, wasu kuma ke yin adashin gaggawa. Wannan ya yi kama da tsohon tsarin da aka raba nauyi tsakanin dangi, kuma yana ceton rai.

Duk da haka, kowane layi a jeri na biyu na takardar yana da ofishin da ya kamata ya biya shi, da layi a kasafin kuɗi, da jami'in da ya sa hannu. Ana iya gane ko shelar haihuwa kyauta ta isa wani gari ba tare da jiran rahoton ma'aikatar lafiya ba: a je ɗakin awo a karanta takardar da ke manne a bango, a ƙirga abubuwan da suka rage a kanta, a dawo bayan shekara a sake ƙirgawa. Kafin ta gajarce, iyalai za su ci gaba da ajiye jakar bakko a bayan ƙofa, da safar hannun asibiti a cikinta.